Rigar da aka fara ɗinkawa da alƙalami

Bara, ana saura mako uku bikin 'yar yayarmu, na raka ƙanwata shagon telanta. Ta ciro waya ta nuna masa rigar da take so ta sa ranar dina. Ya karɓa, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hajiya, wannan fa ba mutum ba ce, zane ne. Dubi ƙafarta. In na yanka miki yadi a kan wannan awon, sai kin hau turmi kafin rigar ta zauna." Ni da yaran shagon muka fashe da dariya, ita kuwa ta ɓata rai.

Gaskiya telan ya faɗa. Idan ka auna tsawon mutum da tsawon kansa, yawanci kai bakwai da rabi za ka samu, dogo ya kai takwas. Masu zanen tufafi kuwa tun a makaranta ake koya musu su zana mace mai kai tara, wasu ma su kai goma, kuma kusan duk ƙarin a ƙafa yake tafiya. Da gangan ake yin wannan ƙaryar. Ita ce ta riƙe kasuwar ɗinkin Turai shekaru masu yawa, kuma ba za ka gane yadda rigunan dare na Paris suka zama abin da suka zama ba sai ka bi sawunta.

A farko aikin mai zane bai wuce rahoto ba. A 1590 wani mutumin Italiya, Cesare Vecellio, ya buga littafi a birnin Venis mai ɗauke da ɗaruruwan hotunan shigar mutanen ƙasashe daban-daban, an sassaƙa su a katako an buga. Abin da mutane suka riga suka sa ya zana. Talla kuwa a wancan zamani 'yan tsana ne suke yin ta: a ɗinka wa 'yar tsana ƙaramar riga irin wadda ake yayi a Paris, a sa ta a akwati a aika fadojin sarakunan Turai, telolin can su juya ta ciki da waje su kwaikwaya. Da takarda ta yi araha sai ta karɓe aikin. Mujallar Mercure Galant, wadda aka kafa a 1672, ta fara sa hotunan kayan yayi kafin ƙarshen shekarun 1670, Galerie des Modes ta biyo baya daga 1778 zuwa 1787, sannan a Amurka Godey's Lady's Book ta fara fita a 1830, inda ake ɗaukar mata aiki su riƙa shafa wa hotunan kayan launi da hannu. Duk wannan dogon zamani ka'ida ɗaya ce: riga a gaba, zane a baya. Mai zane yana ƙirga maɓallai, yana nuna inda aka yi tattara da inda aka ɗora leshi, domin telar ƙauye ta iya bi. Hotunan suna da kyau, amma matan ciki duk kamar tagwaye suke, a sandare.

Ko lokacin da Charles Frederick Worth, Baturen Ingila, ya buɗe gidan ɗinkinsa a Paris a 1858, ya samu Sarauniya Eugénie matar Napoleon na Uku a matsayin mai sayen kayansa, ya kuma mayar da ɗinka suna a cikin riga al'ada, matsayin mai zane bai sauya ba. Tela ne ya samu girma.

Kafin mu je inda abin ya juya, akwai kalmar da ya kamata a warware. Avant-garde kalmar Faransanci ce ta sojoji, tana nufin 'yan sahun gaba da ake turawa su fara kutsawa kafin runduna ta iso. Masu fasaha suka ara suka laƙaba wa duk wanda ya yi abin da jama'a ba su shirya gani ba tukuna. Abin tambaya shi ne me ya sa a harkar ɗinki irin wannan ƙarfin halin ya fi fitowa a rigar dare. Amsar ba ta da wuya. Rigar rana tana da ayyuka da yawa: dole ta bar mace ta hau mota, ta zauna, ta yi tafiya, ta jure wanki. Rigar dare aikinta ɗaya, a gan ta. Awa huɗu ko biyar za a sa ta, a ƙarƙashin fitilu, a gaban mutanen da su ma sun zo a gan su, kuma mai ita ba ta damu da kuɗin yadi ba. Duk telan da ke da wata hauka a kansa, nan ne filin da zai sake ta.

Wanda ya fara gane cewa sabuwar riga tana bukatar sabon irin hoto shi ne Paul Poiret. Ya buɗe gidansa a 1903, ya riƙa fitar da riguna masu sauka sambal daga ƙarƙashin ƙirji zuwa ƙasa, ba tare da koset ɗin nan mai matse ciki ba wanda matan Turai suka daɗe suna shan azabarsa. (Kada a ɗauke shi mai ceton mata. Shi ne kuma wajen 1910 ya yayata siket mai matsewa a ƙwauri, wanda mace ba ta iya taku mai faɗi a cikinsa.) Matsalarsa ita ce idan aka ba masu zanen mujallu irin wannan riga, za su zana ta da tsohon hannu, ta fito kamar rigar barci. Sai a 1908 ya ɗauki wani matashi mai zanen barkwanci a jaridu, Paul Iribe, ya sa shi ya yi masa ɗan kundi mai suna Les Robes de Paul Poiret, kwafi 250 kacal. Iribe ya bar bayan hoton baƙi da fari, ya zuba wa rigunan launi mai ƙarfi, ya tsayar da matan biyu-biyu uku-uku kamar suna hira ba su san ana kallonsu ba, wata ma ta juya baya. Ba za ka iya ɗinka riga daga waɗannan hotuna ba, babu maɓallin ƙirgawa. Abin da suke sa ka ji shi ne kana son ka shiga ɗakin da matan nan suke. A 1911 Poiret ya maimaita da wani mai zanen, Georges Lepape, wannan karon kwafi 1,000.

Yadda ake buga irin waɗannan shafuka ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan tsadar take. Sunan dabarar pochoir. Da farko a buga layukan zanen da injin. Sai gwani ya zauna ya rarraba hoton launi-launi, ya ɗauki faranti siriri na tutiya ko tagulla, ya huda shi da wuƙa mai kaifi daidai wuraren da launi ɗaya zai shiga. Ja yana da farantinsa, shuɗi yana da nasa, inuwar da ke gefen kunci ma tana da nata. Daga nan sai a jera takardun a gaban masu shafe, waɗanda yawancinsu mata ne, kowace ta ɗora farantinta a kan takarda ta dangwala fenti da buroshi mai dunƙulallen kai, ta ɗaga, ta miƙa wa ta gaba. Shafi ɗaya yakan bi ta faranti 20 ko 30, kuma in faranti ɗaya ya goce da kaurin gashi, leɓen matar ya koma haɓarta. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan takarda yakan ji tudun fentin da ɗan yatsa. Babu injin buga launi na wancan lokaci da ke iya fitar da irin wannan hasken.

A kan wannan dabara Lucien Vogel ya kafa Gazette du Bon Ton a 1912, mujallar da ta rayu zuwa 1925. Ya ƙulla yarjejeniya da manyan gidajen ɗinki bakwai, cikinsu har da Worth da Paquin da Doucet da Poiret, ya tara masu zane irin su Lepape da George Barbier da André Marty da Pierre Brissaud. Abin da ya fi ba ni sha'awa a tsarin mujallar shi ne, ban da rigunan gidajen ɗinki, ana barin masu zanen su ƙirƙiri nasu rigunan da babu su a ko'ina, a buga su gefe da gefe da na gaske. A nan ne ka'idar ta kife. Mai kuɗi ta ga rigar da ba a taɓa yankawa ba, ta tafi wajen telanta da shafin a hannu, kamar dai ƙanwata da wayarta.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ce zane ya riga allura. Kafin mai ɗinkin hannu ya fara aikin babbar riga, akwai mai zayyana da ke zana aska biyu ko aska takwas a jikin yadin da alƙalami da tawada, sau da yawa wani malami ne mai kyan hannu. Bambancin shi ne namu mai zayyanar a kan yadi yake zane domin mai ɗinki, na Paris kuwa a kan takarda yake yi domin mai saye.

Poiret ya kai abin ƙarshe a watan Yunin 1911, da ya shirya liyafar da ya kira dare na dubu ɗaya da biyu, ya gayyaci mutum wajen 300, ya ce kowa ya zo da shigar Farisa, wanda ya zo da kayan gida a ba shi zaɓi: ya sauya ko ya koma. Shekara guda kafin nan 'yan rawar Rasha na Ballets Russes sun girgiza Paris da kayan da Léon Bakst ya zana musu. Daga wannan yanayi aka samu wando mai buje da rawani da rigar nan mai waya a bakinta da ke buɗewa kamar murfin fitila. Gabashin da suke kwaikwayo na mafarki ne, babu Bafarisar da ta taɓa yin irin wannan shiga, amma a kan takarda ya yi kyau, kuma takardar ce ta sayar da shi. Poiret kansa bai ƙare da daɗi ba: gidansa ya rufe a 1929, ya mutu cikin talauci a 1944. Wani yaro ɗan Rasha da ya yi masa aiki a 1913, Romain de Tirtoff, wanda duniya ta sani da Erté, shi ne ya ci gajiyar salon, domin daga 1915 ya shafe fiye da shekara 20 yana zana bangon mujallar Harper's Bazaar, sama da bango 200.

Ba kowa ne ya yarda da mulkin alƙalami ba, kuma a ganina waɗanda suka ƙi ɗin suna cikin manyan gwanaye. Madeleine Vionnet ba ta fara riga daga takarda. 'Yar tsanar katako gare ta wadda ba ta kai mita ɗaya ba, a kanta take naɗa yadi tana yanka tana sake naɗawa. Ita ce ta ƙware a yanka yadi a karkace, wato maimakon a bi tsawon zare ko faɗinsa, sai a ratsa tsakaninsu. Duk telan da ya taɓa jan yadi ta kusurwa ya san yana miƙewa kamar roba. Da haka rigar siliki take bin jiki tana zubowa ba tare da koset ko maɓalli ba. Wannan abu hannu ne yake gano shi, ido ba ya hango shi a farar takarda. Amma ko ita da ta tashi nuna wa duniya aikinta, sai da ta ɗauko mai zane, Thayaht, ɗan Italiya, wanda ya riƙa jan layuka daga jikin rigar suna fita har bakin shafi domin a ji motsinta. Kuma saboda ɓarayin salo sun dame ta, har tambarin ɗan yatsanta take dangwalawa a jikin lambar rigunanta.

Satar nan ma da fensir ake yin ta. Gidajen ɗinkin Paris sun hana kowa zane a wurin nuna sababbin kaya, saboda akwai waɗanda ake biya su shigo kamar masu saye, su haddace riga da ido, su fita su zana ta a wani lungu a sayar wa masu kwaikwayo. Elizabeth Hawes, Ba'amurkiyar da daga baya ta zama sananniyar mai tsara tufafi, ta yi wannan aikin a Paris a shekarun 1920, kuma ba ta ɓoye ba.

Wadda ta ɗauki zane ta ɗora shi a jikin mace kai tsaye ita ce Elsa Schiaparelli, 'yar Italiya mazauniyar Paris. A 1937 ta yi farar rigar siliki wadda shahararren mai zane Salvador Dalí ya zana wa ƙaton jatan landen teku ja a gaban siket, an warwatsa ganyen faski kewaye da shi kamar an kawo a faranti. Wallis Simpson ta sa ta, mai ɗaukar hoto Cecil Beaton ya ɗauke ta domin mujallar Vogue, ana dab da aurenta da tsohon sarkin Ingila da ya ajiye sarauta saboda ita. A shekarar dai marubuci kuma mai zane Jean Cocteau ya zana wa Schiaparelli fuskoki biyu suna kallon juna, tazarar da ke tsakaninsu ta ba da siffar tulun furanni, gidan surfani na Lesage ya ɗinka shi a bayan doguwar rigar dare da zaren zinariya. Layin alƙalamin Cocteau ne zaren ya bi, bai ƙara ba bai rage ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 1938, wadda ake kira rigar ƙwarangwal, tana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Baƙa ce wuluk, mai dogon hannu, ta rufe jiki daga wuya har ƙasa. Daga nesa ba ka ganin komai. Sai ka matso ka ga an yi ɗinki biyu-biyu an cusa auduga a tsakani, ta yadda haƙarƙari ya taso a ƙirji, ƙashin baya ya sauko gaɓa-gaɓa, ƙasusuwan ƙafa suka miƙe a gaban siket. Baƙi a kan baƙi, inuwa ce kawai take nuna su. Ka yi tunanin mace ta shigo wurin liyafa da wannan, shekara ɗaya kafin yaƙin duniya na biyu ya ɓarke.

A daidai wannan lokacin ne kuma kyamara take cin kasuwar masu zane. Mai ɗaukar hoto Edward Steichen ya ɗauki rigunan Poiret tun 1911, amma bugun da ya fi zafi ya zo a watan Yulin 1932, da Vogue ta fito da bango na farko mai hoton kyamara mai launi, shi ma na Steichen: mace da kayan ninƙaya ta ɗaga ƙwallo sama. Masu mujallar suka lura bango mai hoto ya fi saurin ƙarewa a wurin masu sayar da jaridu. A Harper's Bazaar kuma edita Carmel Snow ta kawo mai ɗaukar hoto Martin Munkacsi, wanda a 1933 ya sa mai tallan kaya ta yi gudu a bakin teku ya ɗauke ta. Kafin ƙarshen shekarun 1930 Erté ya bar bangon. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai saye tana son ta ga abin da za ta biya, kuma hoto yana kama da shaida, ko da yake shi ma da fitila da allurai a bayan riga ake shirya shi.

Zane bai mutu ba, ya dai koma gefe, kuma a gefen ya yi wasu ayyukansa mafi kyau. Christian Dior da kansa da sayar da zanen huluna da riguna ya shiga harkar a shekarun 1930, bayan shagonsa na sayar da zane-zane ya karye. Bayan ya fito da kayansa na farko ranar 12 ga Fabrairun 1947, masu ƙaramin ƙugu da siket mai cin yadi, abokinsa René Gruau ne ya zana tallan turaren Miss Dior, kuma bai zana kwalba ko mace ba, farar agwagwar ruwa mai dogon wuya ya zana da baƙin ƙyalle ɗaure a wuyanta. Gruau yakan ja layi ɗaya mai kauri, ya ɗiga ja a wuri guda, ya bar sauran takardar fara, idonka ya cike gurbin. Yves Saint Laurent ma zanensa ne ya kai shi gidan Dior a 1955 yana ɗan shekara 19 ko ƙasa da haka kaɗan.

Abin da ya biyo baya shi ne, tunda kyamara ta hana mai zane yin ƙaryarsa a takarda, sai masu ɗinki suka koma yin ta da yadi. A 1966 Paco Rabanne ya nuna riguna 12 na ƙarfe da roba da aka haɗa da zobba, shi da kansa ya kira su waɗanda ba sa sawuwa. A kayan bazarar 1997 Rei Kawakubo ta gidan ɗinkin Comme des Garçons ta cusa matasai a cikin riguna, ƙusumbi ya fito a kafaɗa da ƙugu da baya, ta sauya siffar jikin da kowa ya saba zanawa. A watan Satumban 1998 a Landan, Alexander McQueen ya tsayar da mai tallan kaya Shalom Harlow cikin farar riga a kan faifan katako mai juyawa, injuna biyu irin na masana'antar mota suka fesa mata fenti baƙi da rawaya a gaban jama'a. Rigar ce takardar, zanen kuma a idon kowa aka yi shi. Iris van Herpen ta ƙasar Holan tun 2010 take fitar da kayan da aka tsara a kwamfuta, inji ya gina su hawa-hawa ba tare da almakashi ya taɓa su ba. Ita kuwa alkyabbar nan rawaya ta Guo Pei 'yar ƙasar Sin, wadda Rihanna ta ja a matakalar Met Gala, babbar liyafar nuna kwalliya ta New York, a 2015, nauyinta ya kai kilo 25, sai da mutane suka riƙa tallafa mata jelar. Ba a yi ta domin zama ko cin abinci ba. Domin hoto ɗaya daga saman matakala aka sa ta, kuma hoton ya zaga duniya kafin gari ya waye. Wani lokaci abin yana burge ni, wani lokaci kuma nakan ji kamar an manta akwai mutum a ciki.

Akwai wani tela da labarinsa ya haɗa duka ɓangarorin, Charles James, haifaffen Ingila da ya yi aiki a Amurka. A 1953 ya yi wa wata mata, Austine Hearst, riga domin liyafar rantsar da Shugaban Amurka Eisenhower. Siket ɗin ya buɗe gida huɗu kamar ganye mai kunne huɗu, an gina cikinsa hawa-hawa da yadi mai tauri, nauyinsa ya haura kilo 4, amma an daidaita shi a kan ƙugu yadda bakinsa ba ya taɓa ƙasa, yana lilo idan ta yi taku. Ranar liyafa ta zo riga ba ta gamu ba, sai a wasu bukukuwan daga baya ta sa ta. Alkawarin tela ko a New York haka yake. James mutum ne mai wuyar sha'ani, ya yi faɗa da masu saye da masu zuba jari, kasuwarsa ta rushe, a 1964 ya tare a otal ɗin Chelsea cikin bashi. A ɗakunan nan ne wani matashi ɗan Puerto Rico, Antonio Lopez, wanda a lokacin shi ne tauraron masu zanen tufafi, ya riƙa zuwa shekara da shekaru yana zana tsofaffin rigunan James ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya da gefe, tsohon yana tsaye a kansa yana gyara masa layi. Manyan masu ɗaukar hoto sun riga sun ɗauki rigunan nan tun suna sababbi, Beaton ma yana cikinsu. James ya rasu a 1978 yana zaune a otal ɗin, Lopez ya bi shi a 1987 yana da shekara 44.